Keken dokin Biyana: ka biya ka kalli gari, garin ya kalle ka

Idan ganin gine-gine ne kaɗai ya kai ka Biyana, babban birnin Ostiriya, ajiye kuɗinka. Tiram mai lamba 1 ko 2 zai bi da kai ta babban titin da ya zagaye tsohon gari a kan kuɗi kaɗan, lungunan ciki kuwa ƙafa ta fi kowane abin hawa iya shigarsu. Keken dokin haya, wanda mutanen garin ke kira Fiaker, wata haja dabam yake sayarwa, kuma ba kowa ne ke da bukatarta ba.

Gwaggona ce dalilin hawana. Shekarunta sun ja, gwiwoyinta ba sa son doguwar tafiya, ga shi titunan tsakiyar garin da yawa an shimfiɗa su da ƙananan duwatsu masu sa tsoho ya yi ta duban ƙasa. Muna fitowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Stephansplatz ta hango dawaki jere a gindin babban cocin. Ta ce, "Ɗan nan, waɗancan na haya ne?" Na ce, "Na haya ne, Gwaggo, amma fa da tsada." Ta ce ai ba farashi ta tambaye ni ba.

Matsayar tana gefen cocin Stephansdom, wanda hasumiyarsa ta kudu ta kai mita 136. Akwai wasu matsayun a filayen Michaelerplatz da Albertinaplatz da kusa da gidan wasan kwaikwayo na Burgtheater, amma ta gindin cocin ta fi cika. Hanci ne ke fara sanar da kai ka iso. Tun 2004 doka ta tilasta a rataya wa kowane keke jakar tare kashin doki, kuma jakar tana aikinta, sai dai fitsari ba shi da jaka. Kuɗin na keke ne, ba na kai ba: ko kai kaɗai ne ko ku huɗu, abu ɗaya za a biya, kuma ana yanka shi ne bisa tsawon zagayen. Mu mun ɗauki na minti 40, wanda ke fita har babban titin. Abin da na biya zai ciyar da mutum biyu abincin dare a gidan abinci na kirki a garin. Ba wurin tayi ba ne. Abin da ya kamata shi ne ku daddale tsawon lokaci da yawan euro tun kana ƙasa.

Na bar wa Gwaggo zaɓi. Ta wuce wani keke mai sheƙi da aka yi wa ado da furannin roba, ta tsaya gaban wani baƙi wanda fentinsa ya ɗan koɗe, wasu kilaye biyu na ɗaure a gabansa. Da na tambaye ta dalili, ta ce dawakin wancan suna ta kaɗa kai suna tauna linzami, waɗannan kuwa sun saki ƙafa ɗaya ta baya suna gyangyaɗi, kuma dabbar da ta iya barci a tsakiyar kasuwa ta yarda da mai ita.

Keken irin mai rumfa biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya, ana naɗe su idan gari ya yi kyau, a haɗe su a tsakiya idan hadari ya taso. Kujeru biyu suna fuskantar juna. Fatar kujerar ta tsattsage a bakin ɗinki amma an goge ta tsaf, kuma bargon da ke naɗe a gefe ba ya wari, abin da na duba da hancina kafin in miƙa mata. Fitilu biyu na gefen mazaunin mai tuƙi, gilashin ɗaya ya tsage. An naɗa wa ƙafafun roba, ƙarƙashin akwatin kuma ga sifirin na ƙarfe falle-falle, biyu sun kife wa juna. Wani maƙerin kekuna na Landan, Obadiah Elliott, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1804, kuma ita ta ba da damar ƙera keke mara nauyi ba tare da katon gungumen da a da ake haɗa gaba da baya da shi ba. A kan kwalta ba ka jin komai. A kan duwatsun tsohon gari kana jin girgiza, amma mai laushi ce, daga gefe zuwa gefe, ba irin ta mota mai dukan ƙashin baya ba.

Mai keken dattijo ne mai furfura a gemu, sanye da falmaran da baƙar malfa mai tulluwar kai, wadda kusan ita ce alamar sana'ar. Matakalar ƙarfe ce guda, ƙarama, kuma da tsayi. Da Gwaggo ta ɗaga ƙafa sai ya matso. Bai miƙa mata tafin hannu ba, bai kuma kama ta ba. Ya lanƙwasa damtsensa ya tsayar da shi daidai inda hannunta zai sauka idan tana so, ya kau da kai yana duban dawakinsa. Ta dafa, ta hau, ya janye kamar ba abin da ya faru. Wannan ɗan abu ya fi duk bayanin da ya yi mana a hanya daraja a wurina.

A keken doki kujerar da ke fuskantar gaba ta babba ce, ƙarami shi ke ba dawaki baya. Haka ƙa'idar take tun zamanin da keke ne motar masu hali. Don haka ni garin ya yi ta guduna ta baya, abin da ke gabana tsawon tafiyar shi ne Gwaggo.

Bayanin mai keken shi ne rauni mafi girma a hidimar. Yana zaune can sama, ya ba mu baya, yana jefo magana ta kan kafaɗa cikin Turanci mai nauyin Jamusanci, ƙarar kofato a kan dutse tana cinye rabi. Abin da ya iso kunne kuma hadda ce: sunan gini, shekara, sai wata barkwanci da ka ji ta ka san ta sha faɗa. Wanda bai karanta komai a kan garin ba zai sauka da sunaye a cakuɗe. A Michaelerplatz ya nuna gidan da mai zanen gine-gine Adolf Loos ya gina wajen 1911, wanda rashin adon tagoginsa ya sa ake cewa Sarki Franz Joseph ba ya son ko kallonsa daga fada. Daga nan muka kutsa ta ƙarƙashin ƙubbar ƙofar fadar Hofburg, inda amon kofato ke ninkuwa har ka ji shi a ƙirji. Nan ne wuri ɗaya da zan ce keke ya fi ƙafa nesa ba kusa ba, domin don keke aka gina ƙofar, kuma daga tsayin kujerar ne girmanta ke zama daidai.

Muka fito filin Heldenplatz, tsakanin mutum-mutumin mahaya biyu. Na Yarima Karl, wanda aka buɗe a 1860, dokinsa na tsaye a kan ƙafafun baya biyu kacal, duk nauyin tagullar a kansu. Na Yarima Eugen da ya biyo baya a 1865 sai da aka tallafe shi da wutsiya. Daga barandar da ke kallon wannan fili Hitler ya yi shelar haɗe Ostiriya da Jamus a watan Maris na 1938. Mai keken bai ambaci wannan ba, ya nuna dawakin tagulla dai ya wuce. A kan babban titin, wanda Franz Joseph ya sa aka rushe ganuwar gari a 1857 don a shimfiɗa shi, aka kuma buɗe shi a 1865, dawakin suka ɗan yi sassarfa har iska ta taɓa fuska. Daɗin bai daɗe ba. Muka maƙale a bayan wata doguwar bas ta masu yawon buɗe ido daidai majalisar dokoki, muna shaƙar hayaƙinta, agogon da na biya kuwa yana tafiya.

A nan ne na lura da abin da ake sayarwa. Duk inda keken ya bi, wayoyi na ɗagowa. Yara na ɗaga hannu, masu shan kofi a bakin titi na juyowa. Kana zaune sama da kan kowa, ba gilashi, ba ƙofar da za ta ɓoye ka, kuma tafiyar ba ta da saurin da zai fisshe ka daga ido. Na dubi fasinjojin sauran kekuna da muke gilmawa. Wasu sun nutse cikin kujera kamar buhun hatsi da aka jefa a amalanke, ido a kan waya. Wasu sun cika suna batsewa, suna ɗaga wa mutane hannu irin na sarakuna suna dariyar kansu. Wasu kunya ta rufe su, suna murmushin neman gafara ga duk wanda suka haɗa ido da shi. Keken bai ƙara wa ko ɗayansu komai ba. Ɗaga su kawai ya yi inda za a gan su da kyau.

Gwaggo ba ta jingina ba. Ta zauna a tsakiyar kujera, baya a miƙe, hannu ɗaya kan ɗaya a cinya, tana barin ƙugunta ya bi girgizar keken alhali kanta na wuri guda. Ba ta gyara mayafi don an ɗaga mata waya ba, ba ta kuma kau da fuska ba. Wata yarinya a kafaɗar ubanta ta ɗaga mata hannu, ta amsa da ɗan sunkuyar da kai, shi ke nan. Na ce, "Gwaggo, sai ka ce a ciki aka haife ki." Ta ce, "Kai dai zauna da kyau, ka ajiye wayar nan. Kana kan dabba mai rai kana ta mutsu-mutsu." Haka take zama a kujerar asibiti, haka take zama a tashar jirgi. Hali zanen dutse.

Mutanen Biyana na da can sun san wannan sarai. Lasisin farko na keken haya a garin an ba da shi a 1693, kuma tsakanin 1860 da 1900 kekunan sun haura 1,000. Amma masu hali nasu na kansu suke fitowa da shi, su bi doguwar hanyar itatuwa ta dajin shaƙatawa na Prater, mai tsawon fiye da kilomita 4, musamman ranar 1 ga Mayu, a hankali, rumfa a naɗe, ba don za su wani wuri ba. A ga dawakinka, a ga tufafin matarka, a ga wanda ya ɗaga maka hula da wanda ka ɗaga wa. Marubutan ƙarni na 19 ma da keke suke auna mutane. A littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, Elizabeth ta rasa keken da zai kai ta duba 'yar'uwarta mara lafiya, ta taka mil 3 cikin gonaki ta iso gidan masu kuɗi da taɓo a gefen tufafinta. Matan gidan suka yi ta yi da ita a bayan ido, amma mai karatu ya san wadda ta shigo da mutuncinta cikakke a ɗakin. Rufaffen keke kuwa nasa aikin dabam ne. Marubucin Faransa Gustave Flaubert, a littafinsa Madame Bovary, ya sa Emma Bovary da masoyinta cikin keken haya, labule a sauke, suna ta zagaya birnin Rouen ba inda suka nufa, ba abin da aka gani sai hannu da ya leƙo ya watsar da yagaggiyar takarda. Mujallar da ke buga labarin a 1856 ta cire wannan wuri don tsoro, duk da haka sai da aka gurfanar da marubucin a kotu a 1857. A Biyana ma riƙe sirri na cikin jarin mai keke. Josef Bratfisch, mai keken Yarima Rudolf mai jiran gado, shi ya kai budurwar yariman, Mary Vetsera, hanyar gidan farautar yariman da ke Mayerling a watan Janairun 1889, inda aka tsinci gawarta da ta yariman. Bratfisch ya rasu a 1892 bai fito ya ba duniya labarin abin da ya sani ba.

Maganar dawaki ita ce ta fi damuna kafin in hau, ba ta kuma gama barina ba bayan na sauka. Abu na farko da na duba shi ne ko akwai wata igiya da ke ɗaure kan doki sama. A Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya yayi ne a ja kan dokin keke da ɗan gajeren tsirkiya zuwa bayansa, don ya riƙa tafiya wuya a gantsare, a ce dokin gidan wane akwai izza. Dokin da aka yi wa haka ba ya iya sunkuyawa ya sa ƙarfinsa a hawan tudu, numfashinsa na wahala, wuyansa na ciwo. Anna Sewell, wadda ta ji rauni a idon sawu tun tana yarinya har ta dogara da keken doki yawancin rayuwarta, ta rubuta Black Beauty da bakin doki, aka buga shi a 1877, kuma littafin na cikin abin da ya zubar da darajar wannan yayi. Ƙasaitar da aka ɗaure da igiya ke nan, mai kallo na yabo, mai ita na shan azaba. Dawakinmu ba su da wannan. Kawunansu na sauka suna tashi da kowane taku, bakinsu ba kumfa, ban ga gyambo a inda kayan ja ke gogar kafaɗa ba. Bulalar na tsaye a mazauninta har muka dawo. Dattijon da yatsu yake tuƙi da kuma wani ɗan sauti da yake yi da harshe, kuma a wata mahaɗa da wani mai keken ƙafa ya gilma musu a guje, hannunsa bai ko ɗaga ba, ya ce wata kalma guda ƙasa-ƙasa, suka tsaya cak. In ana neman natsuwa a wannan keken, a kan mazaunin gaba take.

Dokar garin ta 2016 ta hana aiki da dawakin idan zafi ya kai digiri 35, ta kuma taƙaita ɗaukar fasinja daga ƙarfe 11 na safe zuwa 10 na dare, tare da ranakun hutu. Masu kare haƙƙin dabbobi na neman a sauko da iyakar zuwa digiri 30, wasunsu ma so suke a fitar da kekunan daga tsakiyar gari gaba ɗaya, yadda birnin Montreal na Kanada ya yi daga 2020, Chicago ta Amurka kuma daga 2021. Ni ra'ayina, 35 ta yi yawa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan dutsen da rana ta gasa tsakanin dogayen gine-gine ya san zafin da ke tasowa daga ƙasa ya wuce wanda ake faɗa a rediyo. Kuma dabbar da ke tsakanin bas da tiram ba a wurinta take ba, ko da mai ita na sonta. Ba zan ce a kashe sana'ar ba, amma da rana tsaka a watan Yuli ko Agusta ba zan hau ba, ba kuma zan ba kowa shawarar hawa ba.

Wanda kekunan kansu ke burge shi, kuɗinsa zai fi yi masa amfani a gidan tarihin kekunan sarauta da ke harabar fadar Schönbrunn. Can ne aka ajiye abin da ya saura daga ɗaruruwan kekunan gidan sarautar Habsburg na Ostiriya bayan faɗuwar daular a 1918. Akwai babban keken sarki na ƙarni na 18, zinariya da gilashi ko ta ina, wanda farare takwas ke ja. Akwai ɗan mitsitsin keke da aka ƙera wa ɗan Napoleon yana jariri, wanda tumaki ke ja. Gwaggo ta daɗe a gaban baƙin keken gawa, wanda ya ɗauki Sarauniya Elisabeth a 1898, da mijinta Franz Joseph a 1916, da Sarauniya Zita a 1989. Na ba ta labarin Elisabeth: yadda wani mutum ya soke ta da magagari mai tsini a bakin tafkin Janiba ranar 10 ga Satumba, ta faɗi, aka tashe ta, ta taka da ƙafarta har cikin jirgin ruwa ba ta san an huda mata zuciya ba, sai a can ta yanke jiki. Gwaggo ta dubi rigar sarauniyar da ke cikin gilashi, mai ƙugu kamar za a kama da hannu biyu, ta ce, "Allah sarki. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa cin abinci ta ƙoshi ba."

Ga wanda ya ƙuduri hawa, gajeren zagayen cikin tsohon gari ya isa, domin ƙofar Hofburg da lungunan duwatsu su ne gishirin abin, babban titin kuwa tiram ya fi nuna shi. A tambayi mai keken tun farko ko hanyarsa ta bi ta cikin fadar. La'asar sakaliya ta fi, zafi ya sauka, motoci sun ragu a lungu. Ku cika huɗu ku raba kuɗin, a riƙe tsabar kuɗi a hannu don ba kowane keke ke karɓar kati ba. A zagaya a dubi dawaki kafin a dubi fenti. Mai ciwon gwiwa kuma ya auna tsayin matakalar da ido kafin a yi magana, ya roƙi a sauke shi a gefen dakalin titi. Namu sai da ya ja keken gaba kaɗan ya daidaita matakalar da dakalin kafin Gwaggo ta iya sauko da ƙafa, kuma ba kowane mai keke ne zai yi haka ba tare da an ce masa ba.